Tayar da Tsoho Ya Sa wa Alli

Duk mai keken hawan dutse a garinmu ya san shagon Ovidio Tibaduiza, nan gefen dandali, jikin gidan burodi. Akwai shuɗin allo a saman ƙofar, an rubuta LIKITAN TAYA da manyan baƙaƙe. Ba wani ne ya raɗa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya kira mai fenti ya rubuta. Mutane kuma suka karɓa ba gardama, don tayar da ta shiga shagon nan a yage takan fito da ranta.

Tayoyin yanzu ba su da tub. Wani farin ruwa mai danƙo ake ɗura musu, mahaya suna ce masa madara, in ƙaya ta soki taya sai ya toshe hujin tun mai keken bai ankara ba. Amma in dutse ya yanki kwiɓin taya, inda robar ba ta da kauri kuma take lanƙwasawa a kowane juyi, madara ba ta da ta cewa, sai dai ta yi wa mutum feshi a ƙafa. Duwatsun yankinmu na Boyacá kuwa ba su da wata sana'a sai wannan. A wasu garuruwan, taya in ta yage a kwiɓi ta zama ta bola. A namu ɗinke ta ake yi, a manna mata faci ta ciki, ta koma dutse ta ƙara shekara guda. Har daga garuruwan Duitama da Sogamoso ake aiko wa Likita da tayoyi a motar haya.

Abin da ba a sani ba shi ne, Likita bai taɓa ɗinka ko guda ɗaya ba. Mahaifinsa ne yake ɗinkawa, wanda ake kira don Belisario (“don” a wurinmu laƙabin girmama dattijo ne), mai gyaran takalma a lungun bayan kasuwa, wanda ya yi shekara hamsin a kan kujera ɗaya da basilla a hannu. Da tsakar rana, lokacin da duk gari ya duƙufa a kan kwanon miya, sai Ovidio ya cusa tayoyi a buhun dankali, ya bi ta bayan coci, ya shiga gidan tsohon ta ƙofar baya. Bayan kwana biyu ya koma ya kwaso su a buhun nan, ya jera a shago yana goge hannu da tsumma kamar yanzu ya ajiye allura. Shekara bakwai ke nan ana haka.

Ba wai ba ya son uban nasa ba ne. Yana kai masa nama ranar Asabar, ya sake masa rufin kwano bara, duk abin da ya samu kuma tsohon yana da rabo. Sunan ne dai ba ya iya faɗa. Tun yana makaranta ake ce masa ɗan sholisho, saboda warin manne takalmi da yake bin rigarsa, abin kuma bai taɓa barin ransa ba. Ya je babban birni, Bogotá, ya yi shekara biyu a wani shagon kekuna, ya dawo da baƙar rigar aiki da kalmomin da ba kowa yake ganewa ba. In wani ya ɗaga ɗinkin ya ce, “Kai, jini ba wasa ba, hannun don Belisario ka gado,” sai Ovidio ya ɗaure fuska ya ce, “Takalmi daban, taya daban. Wannan a birni na koyo.”

Shi kuwa tsohon bai taɓa cewa uffan ba. Yana da hanyarsa ta aiki, ba mai sa shi gaggawa. Sai ya wanke tayar da sabulu har ɗigon madara ya fita, ya shanya ta a kan rufi kwana guda cur. Sannan ya murza zarensa da kakin zuma, ya huda da basilla nesa da bakin yankan kamar faɗin ƙwayar masara, ya ja zaren a hankali yadda leɓɓan za su haɗu ba tare da ya shaƙe su ba. Ya goge ciki da samfefa, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, ya ɗora faci, ya danne da ƙarfen takalmi har gobe. Yana kuma da doka biyu. Tayar da aka ɗinka, baya ake sa ta, ba gaba ba. Yankan da ya wuce faɗin yatsa biyu, ko ya kai bakin tayar inda take kama rim, wato ƙarfen ƙafar keke, ba ya taɓa shi. Sai ya ɗauki alli ya zana mata giciye, ciki da waje, ya mayar da ita buhu. Irin waɗannan Ovidio yakan mayar wa masu su yana girgiza kai, ya ce ya duba da kyau, wannan sai haƙuri.

Ranar wata Alhamis, saura kwana uku tseren bikin gari, Yadira Pirazán ta shigo shagon tana jan kekenta. Malamar lissafi ce a makarantar sakandare, ba ta da yawan magana, shekara guda ta yi tana tashi kafin zakara tana hawan tudu saboda tseren nan. Yayanta Arnulfo yana biye da ita, direban motar albasa, mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, wanda yake hawa keke don kawai ya samu dalilin cin wainar masara huɗu a gidan burodi. Mahaya biyar ko shida suna zaune a kan benci suna shan baƙin kofi.

“Haƙoran Kare ne suka cije ni,” in ji Yadira. Sunan wani gangare ne mai tsinin duwatsu a bayan gari. Ta nuna masa tayar gaba. Yankan ya taso daga tsakiyar kwiɓi ya gangaro har kusa da rim, busasshiyar madara ta yi masa gemu.

Ovidio ya duba ma'ajiyarsa, babu sabuwa irin girman tata. Ya buga waya birnin Tunja, aka ce sai mako mai zuwa.

“Shi ke nan, Likita, yau mara lafiya ya mutu a hannunka,” in ji Arnulfo, yana ƙyalƙyala dariya. “A kira fadan coci ya zo ya yi mata addu'a. Ko kuwa a Bogotá ba a koya muku manyan tiyata ba, sai cire ƙaya?”

“Rufe mana baki, buhun albasa,” wani ya ce daga kan benci. “Ka taɓa ganin tayar da ta gagari Likita?”

“Yau zan gani! Wallahi in ya tashe ta, ni zan share masa shago wata guda, da rigar matata a jikina.”

Aka fashe da dariya, ido duk ya dawo kan Ovidio. A nan ne ya kamata ya girgiza kai ya ce sai haƙuri, don shi ma idonsa ya gaya masa yankan ya yi tsawo. Amma mutum in ya saba a tafa masa, kunnensa yakan yi ƙaiƙayi. Ya shafa tayar da yatsa, ya taɓe baki, ya ce, “Wannan? Malama, ki dawo ranar Asabar. Kai kuma ka je ka ce wa matarka ta wanke rigar.”

Da tsakar rana ya ɗauki buhu ya bi ta bayan coci. Ya tarar da tsohon lulluɓe da bargonsa na ulu, yana shan ruwan mazarƙwaila mai zafi da ɗan cuku a ciki. Don Belisario ya ajiye kofin, ya sa tabarau, ya juya tayar a gwiwarsa. Ya ɗora yatsu a kan yankan. Uku suka zauna, har da saura. Ya miƙa hannu ya ɗauko alli.

“Baba, tsaya mana! Ta Yadira ce, 'yar gidan Pirazán. Tsere za ta shiga ranar Lahadi.”

“To ta ari taya.”

“Na riga na ce mata za a yi.”

“Wa ya aike ka?” Tsohon ya zana giciyen a waje, ya juya cikin ya zana wani. “Ya kai baki, ɗana. Babu naman da zare zai kama. Ta gaba ce kuma. Ta baya in ta fashe, mutum ya sauka ya yi zagi. Ta gaba in ta fashe, ɗaukarsa ake yi.”

“A gaban mutane na faɗa, Baba. Ka san bakin Arnulfo. So kake su mai da ni abin dariya?”

“Su yi dariyar. Kwana nawa za ta ɗauke su?”

Ran Ovidio ya ɓaci. Ya ce tsufa ne ya sa wa tsohon tsoro, ya ce a birni ana gyara waɗanda suka fi wannan, ya faɗi wasu maganganun da ba su dace da bakin ɗa ba. Don Belisario ya ɗauki kofinsa ya ci gaba da sha. Ovidio ya fizgi buhunsa ya fita, ko ƙofar bai ja ba.

Ranar Juma'a da la'asar ya saya ƙofar shago, ya sa jiƙaƙƙen tsumma ya goge allin da ke waje. Shekara bakwai yana kallon hannun ubansa, ya ɗauka kallo ma koyo ne. Bai shanya tayar ba, don babu lokaci, ya dai goge ta sama-sama. Ya huda dab da bakin yankan don ɗinkin ya fito siriri, ya ja zaren da ƙarfi har leɓɓan suka tattare, ya danƙara sholisho, ya manna faci a kan robar da ba ta gama bushewa ba. Da ya hura mata iska ta tsaya ƙyam. A ido ma ta fi ta tsohon kyau, ya kuwa daɗe yana kallonta yana jin daɗin kansa.

Ranar Asabar Yadira ta karɓa, ta matsa tayar da babban yatsa, ta yi masa godiya har sau uku. Arnulfo ya cire hula ya rusuna, ya ce gobe bayan tsere zai zo da tsintsiya.

Ovidio yana tsaye a dandali ranar Lahadi, kusa da inda ake ƙarasa tseren, masu ganga suna ta kiɗa, sai ya ga motar asibiti ta bar wurin ta nufi bayan gari. Tun kafin a faɗa masa ya san abin da ya faru. A tsakiyar Haƙoran Kare tayar ta buɗe baki gaba ɗaya, ta zame daga rim, keken ya kafe, Yadira ta tashi ta kan hannun keken ta sauka a kan duwatsu. Hular kwano ce ta tsare mata kai. Ƙashin kafaɗa ya karye, tsintsiyar hannu ma haka, fuskarta ta dama kuwa sai da aka yi mata ɗinki. Ita ce ta biyu a mata lokacin da ta faɗi.

Da yamma Arnulfo ya dawo daga asibiti da tayar a hannu, babu dariya ko kaɗan a fuskarsa. Ya jefa ta a gaban shago, rabin dandali ya taru. Zaren ya yanke robar huji bayan huji, facin yana reto.

“Mene ne wannan, Ovidio?” Yau bai ce masa Likita ba. “Ƙanwata ka ɗora a kan wannan? Ka dube ni ka gaya mini!”

Ovidio ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, mutanen da suke gaishe shi da girmamawa kullum, ya dubi shuɗin allonsa. Sai ya ji maganar tana fita, tun bai gama shawara da zuciyarsa ba.

“Ba ni na ɗinka wannan ba. Aiki ne ya yi mini yawa saboda tsere, na kai wa tsoho ya taimaka mini. Babana, don Belisario. Kun san idonsa yanzu... ban duba ba, laifina ke nan, ban duba ba.”

Wannan ne karo na farko a shekara bakwai da ya haɗa sunan ubansa da taya a gaban mutane.

Arnulfo ya suri tayar ya nufi lungun bayan kasuwa, mutane suka bi shi, Ovidio ma ya bi. Suka tarar da tsohon a bakin ƙofa yana sa wa takalmin wani manomi dunduniya. Arnulfo ya miƙa masa tayar, ya rage murya dai, don ko a fushi ba a ɗaga wa don Belisario murya a garin nan.

“Don Belisario, ɗanka ya ce aikinka ne wannan.”

Tsohon ya sa tabarau. Ya bi hujojin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya juya cikin tayar, ga giciyen allinsa nan, madara ta dusashe shi amma yana nan, don Ovidio na waje kawai ya tuna ya goge. Ya ɗora babban yatsansa a kai ya rufe shi. Sannan ya ɗago ya dubi ɗansa, sau ɗaya, ba da fushi ba. Ovidio ya so ƙasa ta tsage ya shige.

“Aikina ne,” in ji don Belisario. “Ku ce wa yarinyar ta yafe wa tsoho.”

Arnulfo ya tsaya, ya rasa inda zai kai fushinsa. Daga ƙarshe ya ce, “Haba don Belisario, in ido ya gaji ai sai a ajiye allura,” ya juya ya tafi. Mutane suka watse suna ƙus-ƙus. Ovidio ya jira ko tsohon zai ce masa wani abu, ko da zagi ne, amma ya ɗauki gudumarsa ya koma kan dunduniyar.

Garinmu ba ya ɓoye magana, ba ya kuma ajiye ta. Kafin Laraba kowa ya san idon don Belisario ya tafi, hannunsa yana rawa, har wasu suka tuna cewa dama takalmin da ya gyara musu bara ya ɗan matse su. Matar mai kantin magani ta aika a karɓo mata takalmanta tun ba a taɓa su ba. Manoma suka fara kai nasu wurin wani sabon mai injin ɗinki a tasha. Ovidio yakan leƙa lungun daga nesa, ya hango tsohon zaune a kujerarsa, kantar da take cike da takalma ta zama wayam, yana murza zare da kaki, zaren da babu abin da za a ɗinka da shi.

Abin da ya fi ci wa Ovidio rai shi ne tausayin da ake ji masa. Mai gidan burodi ta ƙara masa waina ɗaya kyauta, ta ce, “Sannu, Likita, ɗawainiya da tsoho sai mai haƙuri.” Wani ya dafa kafaɗarsa ya ce kirkinsa ne ya ja masa, da bai ba uban aiki don ya faranta masa ba da haka ba ta faru ba. Ya riƙa cewa na gode. Tayoyi kuma suka ci gaba da zuwa, har sun fi da, don yanzu kowa yana jaddada masa, “Da hannunka fa, Likita, kada ka ba kowa.” Ya tara su a bayan kanta, goma sha ɗaya, yana cewa zare ne ya yanke masa. Ba zai iya ɗinka su ba, ba shi kuma da fuskar da zai ɗauki buhu ya bi ta bayan coci. Naman Asabar ma aikawa ya yi da shi.

Lahadi ta uku bayan tseren, mahaya sun dawo daga dutse sun cika bencin, sai ga Yadira ta shigo, hannunta rataye a wuya, tabon ɗinki a kumatunta. Arnulfo yana riƙe mata jaka. Aka tashi ana yi mata sannu. Ta zauna a kan kujerar da Ovidio ya jawo mata.

“Zuwa na yi in ce ka daina guduna,” ta ce. “Na ga kana sauya hanya in ka hango ni. Ban riƙe ka ba. Shi ma babanka ban riƙe shi ba, ka gaya masa ya daina wahalar da kansa.”

“Wahalar me?”

“Au, ba ka sani ba? Kullum sai ya hawo tudun gidanmu da ƙafa, da sandarsa. Ranar farko ya tsaya a ƙofa ya cire hula, ya ƙi zama, wai bai cancanci kujera a gidanmu ba. Mutumin da ya ɗinka mini takalmin makarantata na farko! Ya kawo ƙwai, ya kawo cuku. Jiya ya tarar da takalmina na keke da ya yage ranar, ya roƙe ni in bar shi ya gyara, ya ce in ban yarda da hannunsa ba zai fahimta.” Ta buɗe jakar da hannu ɗaya ta fito da takalmin. “Ka ga. Ni dai ban ga rawar hannu a nan ba. Amma ka bar shi ya huta, Likita, taya ba aikinsa ba ce.”

Ovidio ya karɓi takalmin. Ɗinkin nan ne da ya sani, kowane huji nesa da baki kamar faɗin ƙwayar masara, zaren a kwance lumui, bai shaƙe fata ba. Kowane mahayi da ke kan bencin nan yana da irinsa a tayarsa ta baya. Ya hango tsohon a ransa, shekara saba'in da huɗu, tsaye a ƙofar mutane da hula a hannu. Kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa har tsakar ka, irin wadda bai taɓa ji ba ko lokacin da ake ce masa ɗan sholisho.

“Aikinsa ce,” ya ce. “Taya aikinsa ce. Ni ne ba aikina ba.”

Ya faɗa musu duka, kansa a sunkuye: buhun dankali, ƙofar baya, shekara bakwai. Ya ce tsohon ya auna tayar Yadira ya ƙi ta, ya sa mata alli, ya gargaɗe shi cewa ɗaukar mutum ake yi. Ya ce shi ya goge allin ya ɗinka da hannunsa, don kada Arnulfo ya yi masa dariya. Ya ce in ba su yarda ba su je su duba cikin tayar, giciyen yana nan.

Arnulfo ya miƙe, bencin ya yi ƙara. Kowa ya ɗauka duka zai kai, ya kuwa ɗaga hannun, sai ya sauke shi.

“Ni na je har ƙofarsa,” ya ce. “Ni na ce wa don Belisario ya ajiye allura, a gaban mutane, kana tsaye a bayana kana ji. Kai, Ovidio, kai ba mutum ba ne. Tir!”

“Ashe likitan buhu ne,” wani ya ce daga baya, amma ba wanda ya yi dariya.

Yadira ta miƙa hannu ta karɓe takalminta, kamar ba ta so ya ƙara minti ɗaya a hannunsa.

“Kafaɗata za ta haɗe, an ce nan da wata biyu,” ta ce. “Ba ni za ka fara ba haƙuri ba. Kuma ni ban shirya ji ba tukuna.”

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ja kekensa. Ovidio ya ɗauko tsani ya sauke shuɗin allon, ya jingine shi a bango fuskarsa a ciki. Sannan ya zura tayoyin nan goma sha ɗaya a kafaɗunsa biyu, ba buhu, ya ratsa tsakiyar dandali daidai lokacin da ake fitowa daga coci, ya shiga lungun bayan kasuwa ta gaba. Labarin ya riga shi isa rabin hanya, mata suna leƙowa ta taga. Bai ɗaga kai ba, bai kuma sauya hanya ba.

Don Belisario yana bakin ƙofa da bargonsa. Ya dubi tayoyin, ya dubi ɗansa, ya dubi lungun da mutane suka tsaitsaya.

“Yau ƙofar baya ta lalace ne?”

“Na faɗa musu, Baba. Duka na faɗa.”

“To.”

Ovidio ya sauke tayoyin, ya durƙusa a kan duwatsun lungun, da baƙar rigar aikinsa ta birni. “Ka ga allinka a ciki. Kalma ɗaya za ka faɗa ka wanke kanka. Me ya sa ka ce naka ne? Me ya sa ka bar ni na yi maka haka?”

Tsohon ya cire tabarau ya goge da gefen bargo, ya daɗe yana gogewa.

“Shekara bakwai ina zaune a nan ina jira in ji ka kira sunana a gaban mutane,” ya ce. “Ranar da ka kira, sai in ce musu ƙarya kake yi?”

Ovidio ya kifa fuskarsa a kan gwiwar ubansa, bargon yana warin sholisho, ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Tsohon bai rarrashe shi ba, bai kuma ture shi ba. Da kukan ya lafa, sai ya sa ƙafa ya turo masa bahon ruwa, ya ɗora sabulu a kan tayar da ke sama.

“Wanke ta, har sai madarar ta fita tas. Daga nan ake farawa.”

Ovidio ya ɗauki bahon zai shige ciki.

“A'a,” in ji don Belisario. “A nan waje. Ciki babu haske.”